Littafin Ƙungiya Ya Koma Cikin Waya, To Wa Ke Riƙe da Makulli?

Jawabin kwamitin kuɗi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawan amintattu, shugabannin rassa na wannan ɓangare da wancan ɓangare na iyaka, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa fatake maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi wa juna barka da ganin wannan rana. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya. Wanda ya taso daga nesa, ya sha layin kwastan da na duwan kafin ya iso, Allah Ya mayar da shi gida lafiya.

An ba mu, mu 'yan kwamitin kuɗi, wannan lokaci domin mu yi bayani a kan manhajar da ƙungiya ke karɓar kuɗin wata da ita. Mun san wasu za su ce ranar biki ce, me ya kawo zancen kwamfuta. Dalilin shi ne, kuɗin wata ba na ado ba ne. Da shi ake ɗaukar lauya in an tsare motar ɗan uwa a hanya. Da shi ake kai gudummawa in gobara ta ci shago, da shi ake leƙa iyalan wanda ya rasu. Kuma kafin a fitar da ko sisi daga asusun tallafi, abin da ake fara dubawa shi ne ko sunan mutum yana cikin masu biya. Yau wannan amsa tana cikin manhaja. In manhajar ta ce mutum bai biya ba alhali ya biya, an zalunci marayunsa. In ta ce ya biya alhali kuɗin bai shigo ba, an cuci sauran jama'a. Saboda haka maganarmu kashi biyu ce: yadda za mu saita ta ta yi mana lissafi daidai, da kuma wa zai riƙe makullinta.

Tsarin raba aiki a kan dukiyar jama'a tsohon abu ne a fatauci. A zamanin da, ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai shugabanci, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da malami mai rubutu da lissafi. In an sauka a zango, fatoma ne mai masauki da ajiya, dillali ne mai haɗa ciniki. Ba a tara wa mutum ɗaya duka, komai amincinsa. Addini ma ya riga kowa: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To manhaja ba ta zo da sabuwar ƙa'ida ba. Ta ɗauke littafin ne daga akwatin ma'aji ta sa shi a intanet, inda mai kalmar sirri zai iya buɗe shi daga Maraɗi ko daga Legas da tsakar dare ba wanda ya gan shi.

Bari mu fara da lissafi. Aikin irin wannan manhaja huɗu ne. Tana riƙe sunan kowane mamba da rukunin da yake biya. Tana fitar da takardar neman biya da kanta in lokaci ya yi. Tana tura tunatarwa ga wanda bai biya ba. Tana ba da rasit in kuɗi ya shigo. Duk wannan tana yin sa ne bisa abin da aka saita mata tun farko, ba ta da hankalin da za ta ce wannan bai dace ba. In aka ce mata kowane mamba ya biya ranar ɗaya ga wata, za ta nemi kuɗi daga mai tirela goma da mai tallan atamfa a rana ɗaya, da murya ɗaya. Shi ya sa muke roƙon kada rukunonin biya su yi yawa, kuma kada su zama ɗaya tak. Uku sun isa: manyan 'yan kasuwa masu shigo da kaya mota-mota, matsakaita masu shago, da ƙananan masu ɗauka a ka ko a babur. Sannan a bar wa mutum zaɓi ya biya wata-wata, ko duk wata uku, ko na shekara gaba ɗaya. Mai harkar albasa da tattasai kuɗinsa na zuwa ne da kaka, mai dabbobi kuma gabanin babbar salla. A bar kowa ya biya lokacin da hannunsa ke da nauyi.

Abu na biyu shi ne kuɗi iri biyu da muke hulɗa da su. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, tun 1999. Naira kuwa an sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023. Kafin nan dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,400. Duk wanda ke zuwa Wafa ko wurin 'yan canji na Jibiya da Ƙonni ya san abin da wannan ya yi wa cinikinsa. In muka sa kuɗin wata da naira kaɗai muka bar manhaja ta riƙa juya shi zuwa sefa da farashin ranar, ɗan uwa na Damagaram zai ga adadi dabam kowane wata, kuma farashin da manhajar ke ɗauka daga intanet ba lalle ya zama wanda ɗan canji zai ba shi a hannu ba. Shawararmu ita ce a yi farashi biyu tsayayyu, ɗaya da naira, ɗaya da sefa, babban taro ya amince da su, a sake duba su sau biyu a shekara. Kada kowa ya taɓa su a tsakani. 'Yan uwanmu da ke Kamaru da Chadi kuma a buɗe musu nasu gurbin dabam, domin sefarsu ta babban bankin da ke Yawunde ce, ta Nijar kuwa ta wanda ke Dakar. Darajarsu ɗaya, amma a wurin banki da manhaja kuɗi biyu ne.

Akwai tarko uku a wurin shigar da adadi, muna so magatakardan rassa su saurara da kyau. Na farko, a Nijar da baki ana ƙirga kuɗi da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mamba ya ce ya kawo dala ɗari biyu, jaka ɗaya ya kawo, wato sefa 1,000. Magatakardan da ya saba da naira zai iya rubuta 200, ya bar bawan Allah da bashin 800 da bai ci ba. Manhaja sefa take so da lamba, ba ta san dala ba. Na biyu, wanda ya yi karatu da Faransanci yakan rubuta dubu biyar da ɗigo ko da tazara bayan biyar ɗin, wanda ya yi da Ingilishi kuma da waƙafi. Manhajar da aka saita da Ingilishi za ta iya karanta mai ɗigon a matsayin biyar kacal. Ku rubuta lamba zalla, babu ɗigo babu waƙafi. Na uku, naira tana da kwabo, kuma manhajoji da yawa a cikinsu da kwabo suke lissafi, naira 1 kwabo 100, sefa kuwa ba a raba ta. In mai haɗa mana manhaja da banki bai kula da wannan ba, sai adadi ya ninka sau ɗari ko ya ragu sau ɗari. Kafin a buɗe kowane sabon rukuni, a gwada shi da ƙaramin kuɗi tukuna, a ga abin da ya fita a rasit da abin da ya shiga banki.

Sai ƙananan abubuwa biyu da ke jawo babbar gardama. Ɗaya shi ne ladan turawa. Ko ta banki mutum ya biya, ko ta OPay da Moniepoint, ko ta Airtel Money da Nita, akwai abin da ake cira, kuma a Najeriya akwai harajin naira 50 a kan kuɗin da ya kai naira 10,000. Dole a rubuta a fili wa zai ɗauki wannan. In ba a rubuta ba, manhaja za ta ga kuɗi ya gaza da 'yan nairori ta ce mutum bai cika ba, ta ci gaba da aika masa saƙo. Ɗayan kuma shi ne wanda ya shigo ƙungiya a tsakiyar wata. Manhaja tana iya lissafa masa kwanakin da suka rage kaɗai. A ce kuɗin wata naira 6,000 ne, watan kuma kwana 30, mutum ya shigo saura kwana 10, sai ta nemi naira 2,000. Hakan adalci ne, amma a kunna shi ga kowa ko a kashe shi ga kowa. Kada wani reshe ya yi, wani ya ƙi.

Yanzu ga wanda ya fi damunmu. Yawancin waɗannan manhajoji an ƙera su ne domin kamfanonin da ke sayar da kallon fim ko data, inda in ba ka biya ba yau, gobe a yanke ka. Mu ba haka muke ba, kuma sana'armu tana da abin da tasu ba ta da shi, wato iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane. A irin waɗannan lokuta mutumin kirki yakan yi wata da watanni bai juya ko kwabo ba. In aka bar manhaja da saitin da ta zo da shi, za ta cire shi daga masu biya daidai lokacin da ya fi bukatar ƙungiya. Don haka muna neman a kashe cirewa ta kai tsaye gaba ɗaya. A sa wa'adin sassauci na kwana 60 bayan ranar biya. A kuma yi amfani da gurbin dakatarwa, wanda ke tsayar da neman kuɗi ba tare da goge sunan mutum ko tarihin biyansa ba, ga mara lafiya, da wanda ya yi asara, da kowa da kowa in an rufe iyaka. Cire mutum daga ƙungiya hukunci ne na shugabanni bayan an ji ta bakinsa. Ba aikin na'ura ba ne.

Game da cirar kuɗi kai tsaye daga asusun mamba ko katinsa, abu ne mai sauƙaƙa aiki, amma da sharaɗi. Sai wanda ya yarda da kansa, ya san adadin, ya san ranar, ya kuma san yadda zai tsayar da shi in ya so. In kuɗin wata ya ƙaru, a sake neman yardarsa. A tura masa saƙo kwana uku kafin a cira, domin ɗan kasuwa yakan tara kuɗi a asusu don biyan kaya, a cire masa wani abu ba zato ciniki ya tsaya. Kada kuma wani magatakarda ya rubuta lambar katin mamba a takarda ko ya ɗauki hotonsa. Kamfanin da ke karɓar biyan ne ke ajiye wannan bisa ƙa'idojin da aka gindaya masa, mu lambobi huɗu na ƙarshe kawai ya kamata mu gani. Saƙon tunatarwa kuma a rubuta shi da Hausa, da ladabi, ya tafi wa mutum shi kaɗai. Ba a karanta sunan mai bashi a zauren WhatsApp.

Wanda ya kawo kuɗi a hannu, kamar yadda iyayenmu da yawa suka fi so, ba a hana shi ba. Sharaɗin shi ne a shigar da shi nan take a gabansa, rasit ya shigo wayarsa kafin ya tashi, ko a buga masa a takarda. Kowane rasit yana da lamba, lambobin kuma a jere suke. In an yi kuskure a rasit, ba a goge shi, soke shi ake yi a rubuta dalili, a fitar da sabo, tsohon ya zauna ana ganinsa. Littafin da aka yage wa shafi kowa ya san abin da ake zargi, to haka rasit ɗin da lambarsa ta ɓace.

Mu koma kashi na biyu, maganar makulli. Babu ɗan kasuwa a nan da zai yanka makullin sitonsa guda goma ya raba wa yaran shago da direba da maƙwabci. Amma a ƙungiyoyi da yawa haka ake yi da manhaja: suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, shugaba ya sani, sakatare ya sani, yaron da ke taya sakatare aiki ya sani, mai gyaran waya ma ya gani. Ranar da wani abu ya ɓace, manhaja za ta nuna cewa mai wannan suna ne ya yi, mai sunan kuwa mutum bakwai ne. Mai laifi ya ɓuya, marasa laifi shida su kwana da zargi. Ƙa'idar farko ke nan: kowane mai aiki da sunansa da kalmar sirrinsa, ba aro, ba bayarwa, ko da na minti biyar ne.

Ƙa'ida ta biyu, kowa a buɗe masa ƙofar da aikinsa ke ciki kaɗai. Magatakardan reshe ya ga mambobin reshensa, ya yi rajistar sabo, ya shigar da biya, ya ba da rasit. Ba ruwansa da farashi, ba ruwansa da wani reshe. Ma'aji ya ga dukkan kuɗin da ya shigo, ya haɗa shi da takardar banki. Mai binciken kuɗi ya ga komai amma kada ya iya canza komai, ido ne ba hannu ba. Shugaba ya ga rahoto, ya sa hannu a inda ake bukatar amincewarsa. Mamba kuma ya ga nasa shi kaɗai: abin da ya biya, abin da ya rage. Babban makulli, wanda ke buɗe wa wasu ƙofa ya kuma rufe, kada ya wuce hannun mutum biyu, kuma kada su riƙa aikin yau da kullum da shi. Mai haɗa mana manhaja in zai yi gyara a buɗe masa na ranar, in ya gama a rufe.

A cikin manhajar akwai wurare huɗu da kuɗi ke iya zurarewa ba a ji ƙararsa ba: canza asusun bankin da kuɗi ke sauka, mayar wa mutum kuɗinsa, yafe bashi, da canza farashi. Na farkon ya fi haɗari, domin wanda ya canza lambar asusu ya juya kogin gaba ɗaya zuwa gonarsa, mambobi suna biya, rasit yana fita, kowa na ganin lafiya lau har sai an je banki. Waɗannan huɗu muna neman kada mutum ɗaya ya iya gama su. Ɗaya ya nema, wani dabam ya amince, saƙo kuma ya tafi wayar shugaba da ta mai bincike a lokacin. Mun saba da wannan a cak, inda sai mutum biyu sun sa hannu banki ke biya. Abin da muka yarda da shi a takarda, mu yarda da shi a waya.

Ƙa'ida ta uku ta shafi kalmar sirri da layin waya. Shekarar haihuwa, lambar mota, sunan ɗan fari, duk wanda ya san ka zai iya cankar su. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, doguwa ta fi gajeriya mai wuyar tunawa, kuma kada a yi amfani da wadda ake shiga Facebook da ita. Bayan kalmar sirri a ƙara kwaɗo na biyu, wato lambar da ke zuwa sabuwa duk lokacin shiga. A nan mu masu ƙetare iyaka muna da matsala tamu. Kusan kowa a nan yana da layi biyu, mai 234 da mai 227. Ka wuce Ɗan Isa ko Magarya ka cire wannan ka sa wancan, lambar shiga kuma ta tafi layin da ke aljihu. Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, sai saƙonninka su koma hannun baƙo. Ga 'yan damfara masu zuwa su karɓi sabon sim da sunan wani. Shi ya sa ga masu riƙe da makullin ƙungiya muka fi son ƙaramar manhaja irin Google Authenticator, wadda ke fitar da lamba shida tana canza ta duk daƙiƙa 30, ko da sabis ko babu, ko rezo kamar yadda wasunmu ke cewa. Wayar kanta a sa mata makulli. In ta ɓace ko an sace, a sanar da kwamiti a ranar, kafin a je neman sabuwa.

Ku kuma 'yan uwa mambobi, ga naku rabon tsaron. Ƙungiya ba za ta taɓa kiran ku ta nemi lambar sirrin katinku, ko BVN, ko lambar da aka turo muku ta saƙo ba. Duk wanda ya nema, ko ya ambaci sunan shugaba, ko ya san sunan mahaifinku da lambar shagonku, ku kashe waya ku kira magatakardan reshenku a lambar da kuka sani. In saƙo ya zo cewa an canza asusun ƙungiya a tura kuɗi wani sabo, kada ku tura. Asusun ƙungiya da sunan ƙungiya yake, ba da sunan mutum ba, kuma ba a canza shi sai an faɗa a taro an buga a wannan mujalla. Hoton alat ba shaidar biya ba ce, domin ana ƙirƙirar na ƙarya. Rasit mai lamba shi ne shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar ita ce gaggawa da jin kunyar tambaya.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce ranar sauka daga muƙami. Muna zaɓe, shugabanni suna canzawa, magatakarda yakan koma wani gari, kuma rai na hannun Allah. Ranar da aka miƙa hatimi da takardu, a ranar za a rufe sunan mai sauka a manhaja a buɗe wa mai hawa nasa. Wannan ba cin fuska ba ne, kariya ce gare shi, domin abin da ya faru bayan tafiyarsa ba za a jingina masa ba. Sannan rajistar manhajar kanta, da imel ɗin da aka buɗe ta da shi, da layin wayar da ke ɗaure da ita, su zama na ƙungiya. In da sunan mutum ɗaya aka yi, ranar da ya rasu ko aka ɓata da shi, littafin ƙungiya ya tafi tare da shi, kamfanin manhaja kuwa mai rajista kaɗai ya sani. Lambobin ceto da ake bayarwa don irin wannan rana a buga su a takarda, a rufe a ambulan, a ba dattawan amintattu biyu, ɗaya a kowane ɓangare na iyaka.

Manhaja tana da wani littafi na ciki da ke rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya taɓa. Amfaninsa sai an karanta. Muna neman mai bincike ya duba shi duk ƙarshen wata, ya kuma haɗa abu uku: jimlar rasit, abin da ya shiga banki da asusun waya, da kuɗin hannu da rassa suka kawo. In sun yi daidai a sa hannu, in ba su yi ba a nemo dalili tun abin yana ɗanye. Duk wata kuma a sauke kwafin sunaye da biya a ajiye a wuri biyu, a buga ɗaya a takarda duk wata uku. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ta babbar kasuwar Katsina a 2021, sun san yadda littafin bashi ke zama toka a dare ɗaya. Na intanet wuta ba ta cin sa, amma kamfani na iya rufewa, ko ya tsayar da mu in kuɗin hayar manhajar ya wuce lokaci. Kada kwafinmu ya zama a hannun wani kaɗai.

Sunaye da lambobin wayar mambobi da irin kayan da kowa ke fatauci amana ce, kuma a hanyoyin da muke bi a yau sanin wane ne mai kuɗi da ranar da yake tafiya ba ƙaramin abu ba ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, Nijar tana da tata tun 2017 da hukumar da ke kula da ita. Ko babu doka, bai halatta a ba ɗan siyasa ko mai talla jerin sunayenmu ba. Abin da ba mu bukata kada mu tambaya tun farko, abin da muka karɓa kuma kada ya fita.

Mun san akwai mai cewa a ransa, duk wannan kulle-kulle ai rashin yarda ne, alhali da amana aka gina fatauci, mutum yakan ba da kayan miliyoyi da baki kawai. Gaskiya ne, kuma ba mu zo rushe wannan ba. Amma wanda ka ba kaya da baki ka san fuskarsa, ka san gidansu. Wanda ke gwada kalmar sirrinmu da dare ba mu san shi ba, wataƙila ma ba ya ƙasashen nan. Na biyu kuma, ma'ajin kirki shi ya fi kowa cin ribar wannan tsari, domin ranar da aka yi masa ƙazafi yana da abin da zai buɗe ya nuna. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun watse, ba don an tabbatar da sata ba, sai don an kasa tabbatar da cewa ba a yi ba.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro buƙatu biyar domin a amince da su kafin a tashi. A tsayar da farashi biyu, na naira da na sefa, a riƙa duba su sau biyu a shekara. A kashe cire mamba ta kai tsaye, a sa sassaucin kwana 60 da damar dakatarwa. A ba kowane mai aiki sunansa da iyakar ƙofarsa, tare da kwaɗo na biyu. A sa hannu biyu a kan canza asusu, mayar da kuɗi, yafe bashi da canza farashi. A mayar da rajistar manhaja da imel da layin waya da sunan ƙungiya kafin taro na gaba. Bayan an ci abinci 'yan kwamiti za su zauna a bakin ƙofa, duk mai son ya ga tarihin biyansa ko ya gyara lambar wayarsa ya tsaya, musamman iyayenmu da ba su riƙe babbar waya.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu a hanya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya nuna mana na baɗi da rai da lafiya.